Ƙananan Jiragen Ƙasa Na Wasa: Kayan Yara Da Suka Zama Dukiyar Dattawa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani irin kayan wasa wanda aka ƙera domin yara, amma yau dattawa masu furfura ne suke rububinsa a wuraren gwanjo, suna zuba maƙudan kuɗi domin su mallake shi. Wannan kuwa shi ne ƙaramin jirgin ƙasa na wasa, watau ɗan kan jirgi mai jan taragai, wanda ake shimfiɗa wa layi a tsakar ɗaki ya yi ta zagayawa. Wanda bai san tarihin abin ba zai yi mamaki idan ya ga mutum mai jikoki ya durƙusa a ƙasa yana kallon abin wasa. Amma tarihin wannan ɗan jirgi ya haura shekara 150, kuma a cikinsa akwai labarin tashin manyan kamfanoni da faɗuwarsu, da yaƙe-yaƙen duniya guda biyu, da kuma wata cuta ta ƙarfe wadda take cinye tsofaffin jiragen a hannun masu su.

ASALINSA

Kamar yadda masu karatu suka sani, a ƙasar Ingila aka fara jirgin ƙasa na haya mai aiki da tururi. An buɗe layin Stockton zuwa Darlington cikin shekarar 1825, sa'an nan na Liverpool zuwa Manchester cikin 1830. Ba a daɗe ba sai maƙera suka fara kwaikwayon wannan sabon abin al'ajabi da katako da dalma da tagulla. Na farkon dai ba su da layi, jan su ake yi da igiya. Daga baya aka ƙera masu tukunyar ruwa ta gaske, a hura musu 'yar wuta a ƙarƙashi, tururi ya tura su a kan darduma. Waɗannan sukan tafi suna ɗigar da ruwa, in kuwa suka ci karo da ƙafar kujera suka kife, to, wuta na iya kama shimfiɗar ɗakin.

Gyaran da ya kafa wannan sana'a daga Jamus ya fito. Kamfanin Märklin, wanda aka kafa a garin Göppingen cikin 1859, da kayan girkin 'yar tsana ya fara. Cikin 1891, a bikin baje kolin birnin Leipzig, ya nuna jirgin da ake wana shi da makulli kamar yadda ake wana agogo, tare da guntayen layi waɗanda ake harhaɗawa, kowanne da faɗi iri ɗaya. Hikimar da ke cikin wannan ita ce, uban da ya saya wa ɗansa jirgi bana, baɗi sai ya dawo ya ƙara tarago, ko tasha, ko gada, domin duk za su dace da na farko. Ta haka ciniki ɗaya ya zama cinikin shekara da shekaru. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Märklin da kamfanin Bing na birnin Nuremberg su ne suke cika kantunan Turai da irin waɗannan kaya.

LIONEL DA HORNBY

A Amurka kuwa, wani saurayi mai suna Joshua Lionel Cowen ya kafa kamfanin Lionel a birnin New York cikin 1900. Jirginsa na farko, wanda ya fito cikin 1901, akwati ne na katako mai injin lantarki a ƙarƙashinsa, kuma an yi shi ne domin ya riƙa zagayawa a tagar kanti ɗauke da haja, ko masu wucewa sa tsaya su duba. Jama'a suka tsaya, amma maimakon hajar sai suka ce jirgin suke so a sayar musu. Daga nan Cowen ya gane inda kasuwa take.

Yaƙin da ya ɓarke cikin 1914 ya toshe hanyar kayan Jamus zuwa Ingila, bayan an gama shi kuma Ingilishi ba su da sha'awar sayen abin da abokan gabarsu na jiya suka ƙera. Wanda ya ci moriyar wannan dama shi ne Frank Hornby, mutumin Liverpool, wanda tun 1901 ya ƙirƙiro kayan wasan nan na harhaɗa ƙarafa da aka sa wa suna Meccano daga baya. Cikin 1920 ya fitar da jirginsa mai makulli, cikin 1925 kuma mai lantarki. Ya rasu cikin 1936, shekara biyu kafin kamfaninsa ya fitar da ƙananan jiragen Hornby Dublo, waɗanda har yau ake nemansu ruwa a jallo.

Karayar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta taɓa kowa. Bing ya rushe a farkon shekarun 1930, Lionel ma ya kai gargara. Abin da ya taimaka wajen ceto shi wani ɗan keken layin dogo ne mai ɗauke da Mickey Mouse, wanda aka fitar cikin 1934 a kan dala ɗaya, aka sayar da fiye da dubu 250. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi tsanani, sai aka dakatar da ƙera jiragen ƙarfe a 1942, masana'antar ta koma yi wa sojan ruwa na'urori. A Kirsimetin 1943, jirgin kwali Lionel ya sayar wa iyaye, su yanka su harhaɗa da kansu.

MA'AUNIN LAYI

Duk mai son ya fahimci wannan harka sai ya san ma'aunin layi, watau tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyun da jirgi yake bi. Ko a manyan jirage haka abin yake. Tsohon layin dogo na Nijeriya, wanda ya kai Ibadan daga Legas cikin 1901, jirgi kuma ya isa Kano cikin 1911, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, alhali layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe cikin 2016 ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi, saboda haka jirgin wannan ba ya hawa layin wancan.

A jiragen wasa, ma'aunin da ake kira O yana da faɗin milimita 32, shi ne kuma ya fi yawa tsakanin yaƙe-yaƙen biyu. Da gidajen mutane suka ƙanƙance, sai aka koma ga HO, mai milimita 16.5, inda ake rage girman jirgin gaske sau 87. Daga baya aka sami N mai milimita 9, cikin 1972 kuma Märklin ya fitar da Z mai milimita 6.5, wanda kan jirginsa bai wuce tsawon ɗan yatsa ba.

GANIYA DA FAƊUWA

Shekarun da suka biyo bayan 1945 su ne ganiyar wannan sana'a. Lionel ya riga ya sa wa jiragensa usur tun 1935, cikin 1946 kuma ya ƙara musu hayaƙi, ta hanyar wata ƙwaya da ake jefawa a bututun injin. A farkon shekarun 1950 ana lasafta shi a matsayin kamfanin kayan wasa mafi girma a duniya, kuma jirgi mai zagaya bishiyar Kirsimeti ya zama al'ada a gidajen Amurkawa da yawa.

Amma duniya rawar 'yan mata ce. Mota da jirgin sama suka ƙwace fasinjoji daga hannun jirgin ƙasa, talabijin ya shiga gidaje, hankalin yara ya koma ga motocin tsere na lantarki da kumbon sama jannati. Cikin 1957 Lionel ya nemi jawo 'yan mata da wani jirgi mai launin ruwan hoda, amma ya yi kwantai, domin yarinyar da take son jirgi irin na gaske take so. Cikin 1964 kamfanin Lines Brothers ya saye Meccano, masana'antarsa ta Binns Road a Liverpool kuma aka rufe ta cikin 1979. Lionel ya miƙa harkar jiragensa ga kamfanin General Mills cikin 1969. Shi kansa Märklin ya bayyana karayarsa cikin 2009, sai cikin 2013 masu kamfanin Simba Dickie suka saye shi.

ME YA SA DATTAWA SUKE NEMANSU?

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Yaran da aka saya wa waɗannan jirage cikin shekarun 1940 da 1950, da waɗanda suka yi ta leƙen su a tagar kanti iyayensu ba su da halin saye, su ne suka girma suka sami abin hannu, suka koma neman abin da ya wuce su. Ga da yawa daga cikinsu, haɗa layi da daddare shi ne lokacin da suka fi samun zama da ubanninsu. Bugu da ƙari, jiragen gaske masu tururi sun ɓace daga idon jama'a, domin hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta sallame su daga manyan layukanta cikin Agusta 1968. Wanda yake begen ƙarar su da hayaƙinsu, ƙaramin da ke kan teburinsa ne yake ɗebe masa kewa.

Masu tara su sun kafa ƙungiyoyi. A Amurka an kafa Train Collectors Association cikin 1954, tana kuma da gidan adana jiragen wasa a garin Strasburg na Jihar Pennsylvania. A wurinsu, darajar jirgi tana ga ƙarancinsa, da fentinsa na asali, da kwalin da ya zo a ciki. Wanda aka sake wa fenti, kome kyansa, farashinsa ya faɗi. Abin ban dariya, jirgin nan mai ruwan hoda da aka ƙi saye cikin 1957, yau yana cikin masu tsada, domin kaɗan ne suka rage.

ABIN DA AKE TSORO

Matsala ta farko cutar ƙarfe ce. Ƙafafu da sassan jirage da yawa na tsakanin shekarun 1920 zuwa 1950 an zuba su ne da narkakkiyar tutiya wadda ta gauraya da dalma. Idan damshi ya daɗe yana shigarta, sai ta kumbura, ta tsattsage, ta marmashe, kuma in ta fara babu magani sai dai a sake sashen da sabo. Ta biyu kuwa ita ce shekaru. Masu tara jiragen da masu gyaransu suna tsufa, magadansu kuma da wayar hannu da wasannin kwamfuta suka tashi. Sau da yawa abin da mutum ya shekara arba'in yana tarawa, a yini ɗaya ake watsa shi a gwanjo bayan rasuwarsa.

Duk da haka sha'awar ba ta mutu ba. Hornby da Lionel da Märklin suna nan suna fitar da sababbin jirage, a birnin Hamburg kuma wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, sun buɗe Miniatur Wunderland cikin 2001, inda ƙananan jirage suke yawo a kan layin da ya haura kilomita 15, jama'a daga ko'ina cikin duniya suna tururuwar kallo.

A nan gida ma yara sun daɗe suna ƙera motar kara da ta langa-langa, suna jera gwangwanaye da zare su ja su ce jirgi ne. Bambancin kawai shi ne, Turawa sun adana nasu har da kwalayensu, suka rubuta wanda ya ƙera da shekarar da aka yi, namu kuwa ana gama wasa ake share su a zubar. Ya kamata hukumomin adana kayan tarihi su waiwayi wannan fanni, tun masu iya ƙera su suna raye.