Ƙwallayen Gilashi Na Itacen Kirsimati

A ƙasashen Turai da Amurka, in watan Disamba ya kama, gidaje da yawa su kan fito da wani tsohon akwati, su buɗe shi a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai. Ba zinariya ke ciki ba, ƙwallaye ne na gilashi da tsuntsaye da taurari waɗanda a kan rataya a jikin itacen Kirsimati. Mun ga ya kamata mu ba masu karatu labarin asalinsu, da dalilin da ya sa a ke tara su, gama akwai abin lura a ciki game da sana'ar hannu.

Daga wajen Jamusawa al'adar ta fito. Wani rubutu na shekarar 1605 ya ambaci mutanen birnin Strasbourg, wanda yanzu ya ke cikin Faransa, suna kafa itace mai ɗanyen ganye cikin ɗakunansu, suna rataya masa tuffa da furannin takarda da kayan zaƙi. A 1848 wata jarida ta London ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Albat, wanda shi Bajamushe ne, tare da 'ya'yansu kewaye da irin wannan itace a fadar Windsor. Daga nan mutanen Ingila suka shiga kwaikwayo, na Amurka suka bi baya.

Ƙwallayen kuwa aikin wani ɗan gari ne cikin duwatsun Jamus, sunansa Lauscha, inda aka kafa ma'aikatar gilashi tun 1597. Wanda ya taɓa ganin aikin Masaga a Bida zai fi saurin fahimta. Maigida ya kan ɗora bututun gilashi bisa harshen wuta har ya yi laushi, sa'an nan ya hura shi da baki ya zama ƙwallo, ko ya hura shi cikin wani ƙoƙo mai siffar tsuntsu. Uwargida ta zuba ruwan azurfa a ciki ta girgiza har ya yi ƙyalli kamar madubi, yara su shafa launi su sa marfi. Wajen tsakiyar ƙarni na 19 suka soma wannan aiki, da aka kawo musu iskar gas a 1867 kuwa sai wutarsu ta daidaita, ƙwallayen suka ƙara girma da rashin nauyi.

A 1880 wani mai kanti a Amurka, F. W. Woolworth, ya sari kaɗan daga cikinsu ba da son ransa ba, yana tsammanin za su yi kwantai. Cikin kwana biyu suka ƙare. Bayan wannan, kantunansa suka riƙa sayo su da yawan gaske kowace shekara, abincin garin Lauscha ya dogara ga kasuwar ƙetare.

Yaƙin Hitila ya datse hanyar a 1939. Sai kamfanin Corning na Amurka ya juya injin yin ƙwan lantarki ya koma yin ƙwallaye, har kimanin 300,000 a rana, abin da mai hurawa da baki zai shekara bai yi ba. Da yaƙi ya tsananta, ƙarfe da azurfa suka yi wuya, aka riƙa yin su ba ƙyalli, da marfin kwali. Bayan 1945 kuma Lauscha ta faɗa ɓangaren da Rasha ta riƙe, masu sana'a da dama suka yi ƙaura zuwa Jamus ta Yamma.

Wannan tarihi shi ne masu tara kayan ke karantawa a jikinsu. Su kan duba marfi da sunan ƙasar da aka buga a kansa, su gwada nauyi, su lura da kodewar launi. Abin mamaki, na marfin kwalin nan da aka yi don dole, yau suna cikin waɗanda a ke nema. A 1973 kamfanin Hallmark ya soma fitar da sababbi kowace shekara, tarawa ta zama ciniki sosai. Amma a gidaje da yawa ba kuɗi a ke dubawa ba. A kan sayi ɗaya shekarar aure, ɗaya shekarar haihuwa, in yarinya ta tashi kafa gidanta a ba ta nata. Wajen 6 ga Janairu a kan sauke su, a naɗe kowanne cikin takarda, sai baɗi.

Yau kasuwa cike ta ke da na roba masu araha, galibi daga Sin. Duk da haka ba a daina hurawa da baki a Lauscha ba, a 2021 ma Jamus ta sa sana'ar cikin jerin al'adun gado da za a kiyaye. A ganinmu, ba doka ce ta raya ta ba. Abin da ya raya ta shi ne samun masu saye da suka san bambancin aikin hannu da na inji, da iyaye da suka adana abu mai saurin fashewa har ya kai ga jikoki, suna gaya musu wanda ya saya da shekarar da ya saya. Malamai da ma'aikata su yi tunani a kan wannan, gama da tsohuwar zuma a ke magani.