Daga kan kujera ake farawa: Yadda mai matsananciyar ƙiba zai soma motsa jiki

Duk mai zuwa masallacin Juma'a a Abuja ko Kano ko Kaduna ya san kujerun da ake jerawa a gefen sahu domin waɗanda ba sa iya kai goshi ƙasa. Ba dattawa kaɗai ke zama a kansu ba. Akwai magidanta 'yan shekara arba'in da ɗoriya da ba su yi haɗari ba, ba kuma shanyewar ɓarin jiki ce ta same su ba. Nauyin jikinsu ne ya kai matsayin da in suka durƙusa, tashi sai an kama su. A cikin gidaje kuwa, inda idon jama'a bai kai ba, akwai matan da tafiya daga ɗaki zuwa madafi ta zame musu aikin da sai sun tsaya sun huta a tsakani.

Shawarar da irin waɗannan mutane suka fi ji ita ce "a riƙa motsa jiki", kuma ba ta da wuyar faɗi. Mai ba da ita yakan hango sassarfa da asuba ko zagaye filin ƙwallo. Wanda aka ba, in ya yi ta maza ya gwada, kwana uku sun isa gwiwa ta kumbura, ƙugu ya riƙe, ya koma kan gado da yaƙinin cewa motsa jiki ba nasa ba ne. Wannan yaƙini ya fi kumburin gwiwar illa, domin kumburi yakan sace cikin mako guda, shi kuwa yakan zauna shekaru.

Likitoci suna da ma'aunin da suke gane matsananciyar ƙiba da shi: a raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita, a sake raba sakamakon da tsawon. In lissafin ya kai 30 an shiga rukunin ƙiba, in ya kai 40 an shiga mataki mafi tsanani. Mai tsawon mita 1.70 da ya kai kilo 116 ya taka wannan iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana ɗauke da ƙiba, kuma yawanta tsakanin manya ya ninka fiye da sau biyu daga 1990.

Dalilin da sassarfa ke kayar da mai irin wannan jiki yana cikin gwiwa. A tafiya ta yau da kullum, kowane taku yana ɗora wa gwiwa nauyin da ya ninka na jiki sau biyu zuwa uku. Ke nan gwiwar mai kilo 130 tana karɓar abin da ya haura kilo 260 duk lokacin da ya sauke ƙafa, kuma gudu yana ƙara wannan nauyi sosai. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya riga ya sha wahala shekara da shekaru, tsokar cinya da ya kamata ta tallafe shi kuma zama ya raunana ta. Da ciwo ya zo sai mutum ya ƙara zama, zaman ya ƙara cinye tsoka, nauyi ya ƙaru, ciwon ya tsananta.

Lissafin yana aiki ta ɗaya ɓangaren ma. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Wake Forest ta Amurka, aka wallafa a 2005, ya duba tsofaffi masu ƙiba da ciwon gwiwa, ya gano cewa kowane kilo ɗaya da mutum ya rage yana sauke wa gwiwarsa kimanin kilo huɗu a kowane taku.

Minti biyu ma lissafi ne

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Wanda hawa matakala biyar ke sa shi haki, jin wannan adadi kaɗai ya isa ya karya masa gwiwa. Abin da ba a cika faɗa masa ba shi ne sauyin da hukumar ta yi a 2020. A da, sai motsi ya kai minti goma a jere ake ƙirga shi. Sabuwar ƙa'idar ta janye wannan sharaɗi, ta kuma jaddada cewa kaɗan ya fi babu, a fara da ƙarami a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Don haka minti biyu da safe, biyu da rana, biyu da yamma, duk suna shiga lissafi.

Haka batun taku dubu goma da wayoyin hannu ke tsorata mutane da shi. Asalinsa tallar wata na'urar ƙirga taku ce da aka fitar a Japan a 1965. Binciken da masana na Jami'ar Harvard suka wallafa a 2019 a kan mata tsofaffi sama da 16,000 ya nuna cewa masu yin taku kusan 4,400 a rana haɗarin mutuwarsu ya yi ƙasa sosai da na masu yin kusan 2,700, kuma amfanin ya daina ƙaruwa a wajen taku 7,500.

Ga wanda ko tsayuwa ke ba wuya, wurin farawa shi ne kujera, amma ba ta roba ba. Kujerar roba tana da iyakar nauyin da za ta ɗauka, ƙafafunta na buɗewa a kan tayil, kuma faɗuwa ɗaya na iya mayar da mutum baya da watanni. Ta katako ko ta ƙarfe ake so, mai faɗi, mai ɗan tsayi, a jingina ta da bango.

A zaune, mutum zai miƙe ƙafa ɗaya har gwiwa ta miƙe, ya riƙe na ɗan lokaci, ya sauke, ya koma ɗayar. Zai riƙa ɗaga gwiwoyi bi da bi kamar mai maci, ya ɗaga dugadugai ya sauke, ya ɗaga robar ruwa a kowane hannu zuwa kafaɗa. Waɗannan duk share fage ne. Babban atisayen shi ne tashi da zama: a matso bakin kujera, a kafa ƙafafu, a sunkuyo gaba kaɗan, a miƙe, sannan a koma a hankali ba tare da sakin jiki ba. Komawar nan a hankali tana gina cinya kamar yadda tashin ke yi. In ba ya yiwuwa sai da dafa hannu, a dafa. In sau uku kawai jiki ya bari, ukun nan su ne na yau. Tsokar da ke wannan aiki ita ce dai ke tayar da mutum daga bakin gado da masai da kujerar mota, shi ya sa ake saurin ganin amfaninsa a harkokin yau da kullum.

Idan tsayuwa ta fara sauƙi, sai a ƙara da tura bango da hannuwa, da tattaki a tsakar gida ko zaure, kujera ɗaya a wannan ƙarshe, wata a wancan. Tattakin bayan cin abinci yana da riba ta musamman ga mai ciwon suga, domin tsokar da ke aiki tana janye suga daga jini. Ma'aunin ƙarfin motsin kuma ba ya buƙatar na'ura: in mutum na iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba, yana daidai. In kalmomi suka fara yankewa, ya wuce gona da iri.

Ruwa ya fi kowane wuri sauƙi ga gaɓoɓi, tun da wanda ya shiga har ƙugu kusan rabin nauyinsa kaɗai ƙafafunsa ke ɗauka. Sai dai a nan ƙasar wuraren ninƙaya galibi na otal-otal ne da kulob-kulob, ga tsada, ga kuma batun sutura da cakuɗuwa da ke hana mata da yawa kusantarsu.

Kafin a fara, da lokacin dakatawa

Matsananciyar ƙiba ba kasafai take zuwa ita kaɗai ba. Hawan jini da ciwon suga da ɗaukewar numfashi cikin barci sukan biyo ta, wani lokaci ba tare da mai su ya sani ba. Shi ya sa ya kamata a fara da ganin likita, a auna jini da suga, a duba zuciya. Mai yin allurar insulin ko shan magungunan da ke sauke suga da ƙarfi ya tambayi lokacin da ya dace ya motsa, ya kuma ajiye ɗan abu mai zaƙi a kusa. Mai ciwon suga kada ya yi tattaki ba takalmi, ya riƙa duba tafin ƙafarsa kullum, domin rauni na iya samuwa bai ji ba. Manyan asibitocin gwamnati, irin su Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala, suna da sashen gashin ƙashi, kuma tsara wa mutum atisaye daidai da jikinsa yana cikin ainihin aikin ma'aikatan wannan sashe, ko da yake mutane sun fi tuna su bayan karaya.

Ciwon ƙirji, jiri, bugun zuciya marar tsari, ko hakin da ya ƙi lafawa bayan an zauna, alamu ne na a tsaya nan take a nemi asibiti. Tsamin tsoka na kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne. Ciwon gaɓa da ya ƙaru har bayan awa biyu da gamawa, ko kumburi washegari, yana nufin a rage yawa, ba a daina ba. Akwai kuma ƙananan abubuwan da kunya ke hana mutane faɗa wa likita, alhali su ke sa a ajiye atisaye: gogar cinyoyi, da ƙurajen da gumi ke haifarwa a ninkin fata. Wando mai laushi da ya rufe cinya, ɗan basilin, da tsane jiki sosai bayan wanka suna magance yawancinsu. A watannin zafi kuwa, sanyin safiya ko bayan la'asar ya fi, da ruwan sha a kusa.

Sikeli shi ne ya fi kashe wa masu farawa zuciya. Motsa jiki shi kaɗai ba ya zubar da nauyi mai yawa, sai an haɗa da gyaran abinci, kuma wasu sai likita ya ƙara da magani ko tiyata. Amma suga da hawan jini da barci suna gyaruwa tun kafin allurar sikeli ta motsa, kuma abin da ake buƙatar ragewa bai kai yadda ake zato ba. A wani babban gwaji da aka yi a Amurka da mutum 3,234 da ke gab da kamuwa da ciwon suga, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, an nemi rukuni ɗaya su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu su kuma motsa minti 150 a mako. Kamuwa da cutar ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin 100, fiye da waɗanda aka ba magani. Kashi 7 na kilo 130 bai wuce kilo tara da 'yan kai ba.

Ma'aunin da ya fi dacewa da watannin farko shi ne wanda ma'aikatan gashin ƙashi ke amfani da shi a asibiti: sau nawa mutum zai tashi ya zauna cikin daƙiƙa 30. A rubuta adadin a littafi, a sake gwadawa bayan mako huɗu, a kujera ɗaya. Wanda burinsa ya koma sujada kuma kada ya yi gaggawar durƙuso. Sai cinya ta yi ƙarfin tayar da shi daga kujera ba tare da dafa hannu ba, sannan a koya masa sauka ƙasa da tashi, gwiwa ɗaya bayan ɗaya, kujerar tana gabansa yana dafawa, wani kuma yana tsaye kusa da shi.