Warin Fetur a Motar da Aka Kashe: Ina Man Yake Bi?

Da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafi a Baure ke haura digiri 40, ka tsaya kusa da motar da ta dawo daga Babban Mutum ko Zango aka ajiye ta. Injin a kashe, ƙasa a bushe, ko ɗigo ɗaya babu, amma warin fetur ya cika hanci. Direba zai ce maka ai haka mota take. Ba haka take ba. Man da ya saya ne ke bin iska.

Fetur ba ya jiran wuta kafin ya tashi. Zafi kaɗai ya ishe shi ya zama tururi. Shi ya sa tun farkon shekarun 1970 aka wajabta wa masu ƙera motoci a Amurka su toshe wannan kafa. Tiyo ne ke ɗaukar tururin daga tanki zuwa wani gwangwani cike da gawayi na musamman, gawayin ya riƙe shi. Idan mota ta kama hanya, sai wani bawul ya buɗe, injin ya zuƙe tururin ya ƙona. Yawancin 'yan Kwatano da ke titunanmu da wannan tsari suka iso.

Asarar wannan tururi ba ƙarama ba ce: tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin mai, lita ta bar ƙasa da naira 200, har ta kai ga haura dubu. A bakin iyaka kuwa an daɗe da sanin zafin abin, tun 2019 da aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ga kuma lafiya: tururin na ɗauke da sinadarin benzin, wanda aka tabbatar yana haddasa sankarar jini.

Binciken inda tururin ke zurarewa daga murfin tanki yake farawa. Cire shi ka dubi robar bakinsa. Rana da ƙurar hunturu kan busar da ita ta tsattsage. Na sha ganin motar da aka cusa wa tsumma ko leda a madadin murfi, kuma raina yakan ɓaci, domin kuɗin sabon murfi bai kai asarar da ake tafkawa ba. Daga nan a bi tiyo a ƙarƙashin mota, inda gargada da ɓera ke yin ɓarna.

Motocin kasuwar Amurka daga 1996 suna gwada kansu. Idan kwamfutar ta ji iska na zurarewa, sai wutar gargaɗin injin ta kunnu a gaban direba. Bakanike mai na'ura zai karanto lamba: P0455 babbar kafa ce, galibi murfi; P0442 ƙarama; P0456 kuwa huda ce mai faɗin kamar rabin milimita. Sai dai akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Galibin motoci ba sa yin wannan gwaji idan tanki ya kusa ƙarewa ko ya cika maƙil. Wanda kullum galan ɗaya yake saya wurin 'yan bumburutu zai iya yin watanni wutar ba ta kunnu ba, alhali kafar na nan.

Hudar da ido ba ya gani, hayaƙi ke tona ta. Akwai na'urar da ke tura farin hayaƙi a hankali cikin tiyon bayan an rufe mashigar iska, sai a haska tocila a ga inda yake fita. Kada a yarda a yi wannan da injin iskar mai faci, ƙarfinsa zai iya fasa tanki. Ashana kuwa, ko a mafarki.

Laifinmu ma yana ciki. A gidan mai, famfo ya tsaya da kansa, sai direba ya ce, “Ƙara kaɗan,” yaran mota su kama jijjiga ta don ta ƙara sha. Wannan rarar takan gangara cikin gwangwanin gawayin ta jiƙa shi, alhali tururi aka yi shi ya riƙe, ba ruwan mai ba. Bayan 'yan kwanaki mota ta fara gardamar tashi da zarar an sha mai. A gareji kuma sai a ce, “Oga, wannan ba shi da amfani a ƙasarmu,” a cire gwangwanin a jefar, a liƙe wutar da baƙin salatif. Motar da aka yi wa haka za ta ci gaba da tafiya, tankinta kuma a buɗe yake ga ranar Baure daga safe har magariba.