Ko Kun Sani? Hazon Narayi Daga Sahara Ake Hango Shi

Iska tana da nauyi, kuma barometa, na'urar da Torricelli ya ƙirƙiro a Italiya a 1643, ita ke auna shi. A gaɓar teku ma'aunin yakan nuna kimanin milibar 1013. A Kaduna, da yake tana kan tudu na wajen mita 600, bai cika wuce 950 ba.

A Turai, in ma'aunin ya yi ƙasa da sauri, hadari na tafe. A unguwar Narayi da ke Kaduna kuwa da wuya ya tona wannan asiri: kullum sai ya ɗan hau wajen ƙarfe goma na safe da na dare, ya sauka wajen ƙarfe huɗu, ko da ruwa ko babu. Shi ya sa masu hasashen yanayi na hukumar NiMet ke zuba ido can arewa. Da hunturu, idan nauyin iska ya yi ta ƙaruwa a kan Libiya da Sahara, iska mai ƙarfi takan kwashi ƙura daga kwarin Bodele na Chadi. Cikin 'yan kwanaki sai hazo ya lulluɓe unguwannin Narayi da Barnawa, wani lokaci har jirage su kasa sauka a Kaduna.