Tsumburewar Yara da Yadda Ƙasar Peru Ta Rage Ta

Abin da ake nufi da tsumburewa shi ne yaro ya gaza kai tsawon da ya kamaci shekarunsa, saboda daɗewa cikin ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan cututtuka, musamman gudawa. Ta sha bamban da ramar lokacin yunwa, domin ita rama kowa yana ganinta, tsumburewa kuwa a ɓoye take shiga, har iyaye su zaci gajarta ce ta gado. Galibin ɓarnar tana aukuwa ne cikin kwana 1,000 na farko, watau daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara 2, kuma har ƙwaƙwalwa takan taɓa. Wannan magana ta shafe mu ƙwarai, domin binciken lafiya na 2018 ya nuna fiye da rabin ƙananan yaran Arewa maso Yammacin Nijeriya sun tsumbure.

Ƙasar Peru, a Kudancin Amurka, ta daɗe tana kashe kuɗi wajen rabon madara da abinci, amma har 2008 kimanin yara 28 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 tsumburarru ne. Ba abin mamaki ba ne, tun da yake yawancin rabon yana kaiwa ga yaran da suka riga suka wuce shekara 2, lokacin da icce ya fara bushewa.

A zaɓen 2006 ƙungiyoyin sa kai suka sa 'yan takarar shugabancin ƙasa suka sa hannu a kan alkawarin rage kashi 5 cikin shekara 5. Gwamnatin Alan Garcia ta faɗaɗa shirin Juntos, wanda ke ba iyaye mata matalauta kuɗi bisa sharaɗin su riƙa kai yara asibiti a auna su, a yi musu rigakafi. Sa'an nan, abin da ya fi muhimmanci, Ma'aikatar Kuɗi ta ɗaure kasafi da sakamako, aka kuma riƙa ƙidaya kowace shekara, ta yadda babu hukumar da za ta fake da yawan buhunan da ta raba. Kafin ƙarshen 2016 adadin ya sauko zuwa kimanin 13 cikin 100, ko da yake ƙauyukan duwatsun Andis sun kasance a bayan birane nesa ba kusa ba.