Ranar Da Na Leƙa Cikin Teku

'Yan'uwana mata, tun ina 'yar shekara tara da na zame cikin kududdufin bayan gidanmu, ko kwalekwale ba na yarda in shiga. Sai ga shi an tura mu kwas ƙasar Kenya, ran hutu aka kai mu Malindi, bakin Tekun Indiya, inda hukuma ta keɓe wani yanki tun 1968, ba a su a cikinsa.

Aka ba ni rigar hana nutsewa, da tabarau mai rufe ido da hanci, da ɗan bututu. Ki cije bakinsa, ki kifa fuska, ki yi numfashi ta baki. Da fari ruwan gishiri ya shigar mini, na taso ina tari ina salati. Mai koya mana ta ce, "Malama, hura da ƙarfi, zai fita." Na hura, ya fita.

Kai, jama'a! Kifaye rawaya da shuɗi suna kiwo a kan murjani. Ashe murjani halitta ce mai rai, shi ya sa aka hana taɓawa. Hannunta kuwa ban saki ba har muka fito.