Zafin Katin Hoton Kwamfuta: A Auna Kafin A Kashe Kuɗi

Masu ɗab'i da masu zanen gine-gine da masu tace finafinai sun san irin asarar da ake tafkawa idan kwamfuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin da aka riga aka karɓi kuɗinsa. Sau da yawa tushen matsalar shi ne zafin katin hoto, wato allon da ke cikin akwatin kwamfutar tebur wanda ke sarrafa duk abin da ake gani a fuskarta.

Wannan kati yana cin wuta ƙwarai, kuma kusan duk wutar da ya ci zafi take komawa. Alal misali, katin RTX 4090 da kamfanin Nvidia ya fitar a 2022 yana jan wat 450. Idan zafin bai sami mafita ba, sai fanka ta riƙa ƙugi, aiki ya yi nawa, wasu layuka da ɗige-ɗige su bayyana a kan hoto, daga bisani na'urar ta mutu da kanta.

Matakin farko shi ne awo. Manhajoji na kyauta irin su GPU-Z da MSI Afterburner suna nuna zafin katin da gudun fankarsa. Yawancin katunan Nvidia kan fara rage gudu da kansu idan zafi ya kai wajen digiri 83 a ma'aunin Salshiyos. Shi kuwa kamfanin AMD ya bayyana a 2019 cewa wuri mafi zafi a cikin katinsa na RX 5700 na iya kaiwa digiri 110 ba tare da ya wuce ƙa'ida ba. Saboda haka ya wajaba a san wane adadi ake karantawa kafin a yanke hukunci.

Bayan awo sai a duba ƙura, wadda ita ce babbar abokiyar gaba, musamman a lokacin hunturu. A kashe na'ura, a zare waya daga soket, sannan a hure ƙarfen shan zafi da busasshiyar iska, ana riƙe da fanka don kada ta juya fiye da kima. Haka nan kuma a lura cewa katunan zamani da dama sukan tsayar da fankarsu idan babu aiki mai nauyi. Fankar da ta ƙi juyawa alhali kati ya ɗauki zafi, ita ce ta lalace, kuma ana iya musanya ta ita kaɗai.

Bugu da ƙari, akwatin da aka cusa a lungu ko aka manna da bango ba ya samun iska. A janye shi, a ɗaure wayoyin ciki, a tabbata fankar gaba tana shigo da iska, ta baya tana fitar da ita.

Idan duk wannan bai yi magani ba, mai yiwuwa man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar katin da ƙarfen shan zafi ya bushe. Sauya shi aikin ƙwararren mai gyara ne, kuma a fara duba takardar garanti kafin a kwance sukurori.

Masu sayen kayan tokumbo a kasuwanni irin su Computer Village da ke Ikeja suna da ƙarin dalilin yin hattara. Tun da tsarin Ethereum ya daina amfani da haƙar kuɗin intanet a watan Satumba na 2022, katunan da suka yi aiki dare da rana suka kwararo kasuwannin duniya. Ya kamata mai saye ya sa a ɗora wa kati aiki mai nauyi a gabansa, yana kallon ma'aunin zafi, kafin ya biya kuɗi.